Randar Shoyu a Catford

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, a wani ɗan gida mai bene a Catford, nan cikin London, kuma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Ni ban yi boko ba. Abin da na sani a duniya tukunya ce. A garinmu ni ce mai daddawa, daga baya da waken suya ya yawaita sai na haɗa da awara. Da su na raini 'ya'ya biyu bayan rasuwar ubansu, namiji da ƙanwarsa. Namijin shi ne na fari, ɗan fari kuwa a wurinmu ba a kama sunansa. Yana raye ban kira shi da suna ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Yaron nan nake cewa, har furfura ta soma fito masa a gemu.

Karatu ne ya kai yaron nan Japan, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi London. Daga Japan ya taho da mata. Ta musulunta kafin ɗaurin aure, kuma ban taɓa ganin ta yi wasa da salla ba. Suka haifi 'ya mace aka sa mata sunana. Da takwarar tawa ta isa shiga makaranta, uwa na aiki uba na aiki, sai suka aiko na zo na zauna da su. Ƙanwarsa ma tana aure a unguwar Edmonton, nan London, amma shi ne ya ɗauko ni, gidansa na sauka.

Surukata siririya ce, ba ta da yawan magana. Hausarta 'yar kaɗan ce, wadda ta tsinta a bakin mijinta, ni kuma Turancina bai wuce gaisuwa da sunan bas ba. Inna take ce mini, ni kuma in ce mata 'yar nan. Sauran maganarmu da hannu muke yi, a gaban murhu.

Ranar da na fara shiga kicin ɗinta na duba ko'ina, babu kuka babu kuɓewa. Sai wasu kwalabe biyar a jere kusa da murhu, da rubutun ƙasarsu a jiki kamar sawun kaji. Na buɗe ɗaya na shinshina. Na tsaya, na sake shinshinawa. Na ce wa yaron nan wannan ai daddawa ce aka narkar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa matarsa, ita ma ta rufe baki da hannu. Ya ce ban yi nisa da gaskiya ba. Sunansa shoyu, da waken suya ake yi, da alkama da gishiri da ruwa, a rufe a bar shi ya ruɓa kamar yadda nake rufe kalwa. Na tambaye shi ko halal ne, don na ji wani ɗan tsami-tsami a ƙarshen ƙanshin. Ya ce ya bincika tun yana can, ba ya bugarwa, in kwantar da hankalina.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawan kwalaben. Ni daddawa ɗaya na sani, ita ce ta miyar kuka, ita ce ta taushe. Me za a yi da biyar? 'Yar nan ba ta amsa mini da baki ba. A hankali, girki bayan girki, na gane da kaina.

Akwai baƙin, shi ne na kullum, shi ya fi saurin ƙarewa. Da shi take dafa nama da dankali da albasa, da ɗan sukari, har romon ya tsotse ya yi ja. Akwai wani mai haske kamar ruwan shayi, na ɗauka shi ne mara ƙarfi, na 'yan yara. Na ɗiga a harshe sai da na nemi ruwa, ashe ya fi baƙin gishiri. Shi take sa wa romo mai garau da kayan lambu, don kada launinsu ya ɓaci. Su ba sa son miya ta ɓoye abin da ke cikinta. In karas ne a ga jansa, in ganye ne a ga korensa. Mu kuwa miyarmu sai ta lulluɓe komai. Na uku mai kauri ne, tamari take ce masa, kusan wake ne zalla. Shi ne na ɗanyen kifi, abin da har suka tafi ban sa a bakina ba, ko da takwarata tana ɗaga mini yanka tana cewa Kaka matsoraciya ce. Akwai kuma fari, mai yawan alkama, tana sa shi a ƙwai da take turarawa a 'yan kofuna. Wannan ba ya daɗewa, in ba girki ake ba yana firij.

Na biyar ƙaramar kwalba ce, ba a taɓa ta sai da dalili. An jiƙa shi sau biyu, wato maimakon ruwan gishiri, a cikin wani shoyun aka sake jiƙa waken. Ba a dafa shi, ɗigawa ake yi. Na san shi ne ranar da na buɗe firij na ga wani farin dunƙule cikin ruwa. Na latsa da yatsa na ce wannan kam ba mai gaya mini, awara ce. 'Yar nan ta yi mamakin jin cewa a ƙauyenmu ana yin ta. Washegari na jiƙa wake, muka niƙa a injin kicin, na tace, na dafa, na tsinka da lemun tsami. Na soya rabi na barbaɗa yaji. Ita ta ɗauki rabin da ba a soya ba, ta bar shi ya huce, ta goga citta a kai, ta yanka ganyen albasa, ta ɗiga na ƙaramar kwalba. Ta ci tawa tana hawayen yaji, na ci tata ina jiran in ji lami. Ban ji lami ba. Na yi shekara da shekaru ina yin awara, ranar na fara jin ɗanɗanon waken kansa. Daga wannan rana na daina kallonta a matsayin baƙuwar da ɗana ya kawo.

Yaron nan ne ya kawo maganar randa. Ya ce kakar matarsa a gida take yin nata shoyun, ni kuma uwarsa mai daddawa ce, to abin kunya ne a ce gidansa sai na kanti. Ya sayo randa mai baki faɗi, mai sheƙi a ciki, da muciya doguwa. Cikin tsakiyar sanyi muka yi aikin, mu uku. Ni na dafa waken, don ni na san nunarsa: in ka matsa ƙwaya tsakanin babban yatsa da ƙaramin ta baje, ya yi. Shi ya soya alkama a kasko ya ɓarza. Ita ta barbaɗa wani gari da aka aiko mata daga gida, shi ne irin da ke tayar da ruɓar. Muka shimfiɗa a faranti, muka lulluɓe da tawul, muka sa a ɗan ɗakin da tukunyar ɗumama gida take. Da ya ɗau zafi yaron nan ya naɗe hannun riga ya dinga cuɗa shi yana wargaza dunƙulen, yana cewa zafinsa kamar jikin yaro mai zazzaɓi. Bayan 'yan kwanaki ya yi kore-kore mai ruwan ɗorawa. Muka juye a randa cikin ruwan gishiri, aka ɗaure bakin da farin ƙyalle, aka ajiye a ɗan sito da ke ƙarƙashin matakala.

Na tambayi yaushe za a sha. 'Yar nan ta ce a garinsu bazara ɗaya tana isa, amma ranar London marowaciya ce, sai ya ga zafi biyu kafin a tace. Da farko kullum ake juyawa, daga baya aka koma sati-sati. Yaron nan ya ɗauki Juma'a. In ya dawo daga masallaci, kafin ya cire hula, sai ya shiga sito ya juya, ya kwashe farin kumfar da ke taruwa a sama, ya lashi muciya ya ce saura.

Zafin farko bai ƙare ba ciwo ya kama shi. A ciki ne, ciwon daji. Ba zan ja ku da labarin asibiti ba. Duk wanda ya yi jinya a garin nan ya san kujerun jira da shayi a kofin roba. Abinci ya gagare shi. Na dama kunu ya kurɓa ya ajiye, na yi tuwo mai laushi ya kalla ya ce in yi haƙuri. Abin da yake iya haɗiyewa shi ne shinkafar da matarsa take dafawa har ta zama kamar koko, ta ɗiga baƙin shoyu a tsakiya. Ina zaune ina kallon tana ba shi a cokali. Ban ji haushi ba, wallahi. Duk abin da ya wuce maƙogwaronsa na gode masa.

Bai bar randa ba. Da ƙafa ta yi nauyi sai a kai masa kujera bakin sito. Da muciya ta gagare shi ɗagawa sai in riƙe ƙasa ya riƙe sama. Daga ƙarshe yana kwance, in Juma'a ta zo sai ya juyo da kai ya ce, "Inna, an juya?" In ce an juya. Ya ce yaya launinsa. In ce ya fara ja. Da sanyi ya dawo, Allah ya karɓi abinsa.

Uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban mutane. Na zauna a falo da carbi ina amsa gaisuwa, idona a bushe. 'Yar nan ta shiga takaba, ta ɗau hutu a wurin aiki, ta zauna kusa da ni cikin hijabi. Takwarata tana shiga tsakaninmu ta kwanta, kai a cinyata ƙafa a cinyar uwarta.

Ba a yi sati biyu ba waya ta fara zuwa daga Japan. Mahaifinta ne, tsoho, shi kaɗai a gida. Ba na jin yarensu, amma na san muryar uba in yana kiran 'yarsa. Wata safiya muna sito, ina juyawa tana riƙe da ƙyalle, sai ta gaya mini da guntuwar Hausarta. Babanta ya ce da ta fita takaba ta tattaro yarinya su dawo. Muciya ta tsaya a hannuna. Na san in suka tafi, abin da ya rage mini na yaron nan a duniya ya tafi. Ban da ikon hana ta, 'yarta ce, ubanta ne.

Ta dafa bakin randar ta ce, "Na ce masa ba yanzu ba. Wannan ba ya shiga jirgi. Sai an tace, Inna. Hannunsa yana ciki."

A zuciyata na yi lissafin tsofaffi. Kafin a tace sai zafi na biyu ya wuce. Kafin nan yarinya ta shiga sabon aji, kuma uwa irin wannan ba za ta cire 'ya a tsakiyar karatu ba. Ta koma aiki, ta saba da zaman. Wanda ya ɗaga tafiya sau ɗaya yana iya ɗagawa sau biyu. Tun daga ranar nake lallaɓa randar nan kamar jinjiri. In gari ya yi sanyi sosai har bargo nake naɗa mata.

Sai sadakar arba'in ta zo.

Akwai wata Hajiya a Plumstead, mutuniyar kirki, ba a mutuwa ko haihuwa a cikin 'yan Arewan garin nan ba ta zo da zaninta na aiki ba. Ita ta tsaya a kan komai tun ranar rasuwa. A al'adarmu masu makoki ba sa shiga kicin, mata ne ke karɓe gidan, su dafa, su raba, su share, su wanke har abin da ba a ce su wanke ba. Ran arba'in ta iso da sassafe da mata uku da buhun shinkafa, ta ce mini, "Inna, ke dai zauna. Yau ko cokali kika ɗaga sai mun ɓata." Na zauna. 'Yar nan ma ta zauna. Gida ya cika, maza a ɗaki ɗaya suna karatu, mata a falo har kan matakala. Ana ta shiga ana fita, ana soya waina, ƙanshin mai ya rufe ko'ina.

Bayan azahar aka fara shigo da abinci. Sai ga mata biyu sun rungumo wani abu mai nauyi, suka dire a tsakiyar falo. Randar ce. An wanke ta tas tana ƙyalli, cike da zoɓo, ƙanƙara na yawo a kai.

Na ji 'yar nan ta ja numfashi. Ta kalli randar, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai. Wata ta miƙo mata kofi ta karɓa da hannu biyu, yadda suke karɓar abu, ta riƙe shi a cinya har zoɓon ya huce.

Hajiya ta zo ta durƙusa kusa da ni, ta kawo bakinta kunnena. Ta ce suna neman babban mazubi ne suka ci karo da ita a sito. Ta ce da alama tun kwanciyar marigayi aka manta da wani abu a ciki, ya ruɓe har ya yi fari a sama. Sannan ta ƙara rage murya.

"Kuma Inna, warin nan bai yi mini ba, kamar na abin da ba a faɗa. Ga malamai cike da gida. Na ce kafin wani ya shinshina a ɗauki magana a kan mamaci, gara mu rufa asiri. Ni da kaina na zubar, ba wanda ya gani."

Tana faɗa tana shafa mini hannu. Ta yi ne don Allah, ta yi ne don yaron nan. Me zan ce mata a gaban jama'a? Na ce Allah ya saka da alheri. Ta ce amin, ta tashi ta ci gaba da rabon waina.

Da la'asar mutane suka watse. 'Yar nan ta tashi ta fita bayan gida inda bola take, na bi ta. Ruwan an tsiyaye shi a magudana. Dusar tana cikin baƙar leda, an juye mata ƙasusuwan kaji da bawon albasa da ruwan wanke-wanke a kai. Ta buɗe ledar ta daɗe tana kallo. Ƙanshin ya taso, ya nuna sosai, ya fi na Juma'ar da ta wuce. Ta ɗaure ledar da kyau ta mayar da murfi.

Na ce mata, 'yar nan, wake bai ƙare a kasuwa ba. Sanyi bai wuce ba, gobe sai in jiƙa wani, a aiko mana da garin, mu sake. Na san abin da nake roƙo, ita ma ta sani.

Ta ce, "Za a iya, Inna. Amma ni da ke ne kawai."

Ba ta yi fushi da kowa ba. Da Hajiya ta dawo ɗaukar tukwanenta har ƙofa ta raka ta, ta yi mata godiya. Ta ci gaba da takabarta, tana dafa mana abinci, tana sa mai hasken a romo, baƙin a nama. Sai dai na lura kwalbar da ta ƙare ba ta sayo wata. Farin ne ya fara ƙarewa, sai tamari. Da Juma'a ta zo sai in rasa inda zan sa kaina, in shiga sito in tarar da injin shara da takalman sanyi, in fito. Waya ta ci gaba da zuwa daga Japan, kuma yanzu in ta ɗauka tana daɗewa, ina jin tana amsawa da gajerun kalmomi irin na wanda ya yarda.

Ta fita takaba da farkon zafi. Ranar da ta yi wanka ta canza kaya, ta zo ta durƙusa a gabana ta ce ta yi booking ɗin jirgi, za su koma Japan. Ta ce in zo mu tafi tare, akwai ɗaki a gidan babanta. Na ce tsohuwa irina, da ƙyar na koyi bas ɗin Catford, ina ni ina wata ƙasa kuma. Ga kabarin yaron nan a nan, wa zai riƙa zuwa. Ta yi kuka, kukan da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwa. Na sa mata albarka. Ta cancanta.

Takwarata ta ɗauka hutu za su. A filin jirgi tana ta gaya mini da Turanci abin da za ta kawo mini, ina cewa to. Na riƙe fuskarta na kalla da kyau, don goshin ubanta ne da ita.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Surukata tana can garinsu, tana koyarwa a wata makaranta, tana jinyar babanta da ƙafa ta gaza. Ba ta sake aure ba. Duk sallah tana kira, ta gaishe ni da Hausar da ta rage mata. Takwarata ta yi tsawo, an ce tana ƙoƙari a karatu. Da tana jin Hausa ta amsa da Turanci, yanzu in na yi magana sai ta waiwaya ta kalli uwarta. Hajiyar Plumstead ta ji gaskiyar abin daga baya a bakin 'yata, ta zo har gida tana kuka tana neman gafara, na ce ban riƙe ta ba, kuma ban riƙe ta ɗin ba. Har yanzu ita ke tsayawa a kan makokin mutane, sai dai an ce ba ta ƙara buɗe siton kowa. Gidan Catford an ba wasu. Ni kuwa ina Edmonton wurin 'yata, a filat hawa na shida, gwiwa ta hana ni sauka sai ranar asibiti da ranar ziyarar kabari.

Nan ta tsaya. Ku tashi ku yi alwala, lokaci ya yi.